Takardar da Ban Karanta Ba

A gidanmu Rediyo ake ce min, kuma ban taɓa yin fushi da sunan ba, domin ni ma na san halina. Magana ba ta kwana a cikina. In na ji abu da safe, kafin azahar ya kai kunnen Mama, kafin la'asar kuma Mama ta kai shi inda ko ni ban yi niyya ba. Yaya ce ta raɗa min sunan, kuma ita ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Yaya ta girme ni da shekara shida. Tana 'yar shekara tara wani zazzaɓi ya tafi da ganinta, saboda haka tun da na iya haɗa baƙi, ni ce mai karanta mata duk takardar da ta zo da sunanta. Sakamakon jarrabawa, takardar ɗaukar aiki, takardar magani, har da wasiƙa ɗaya tilo da mijinta ya yi gangancin aiko mata kafin aure, wadda kafin magariba kowa a gidan ya haddace. Ina alfahari da wannan aiki ƙwarai. Na ɗauka ni ce idonta, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai mai son idonsa ya kasance da baki ba.

Takan ce min, “Ai ba sai kin karanta ba. Da kin buɗe takarda nake sauraron numfashinki. In kin ja shi sama, alheri ne. In kin riƙe shi, sai in fara laluben wurin zama.”

Yanzu duk mun girma. Yaya tana amsa waya a ofishin wani kamfanin motocin haya, kuma babu direban da ba ta gane shi daga tarinsa. Mijinta gyaran firij yake yi, muna ce masa Mai Sanyi, sunan kuwa ya bi shi, don ko gobara ce ta tashi sai ya gama ɗaura igiyar takalminsa. Ni kuma shafukan intanet nake ginawa. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon fenti, daga ni sai Oga sai wata fanka da ke juya kai kamar tana ƙin yarda da duk abin da muka ce.

A wannan shekarar muka samu aikin da ya fi kowane girma, wato shafin wani asibiti mai zaman kansa da ke unguwar su Yaya. Mutum zai nemi ganin likita daga gida, ya kuma duba sakamakon gwajinsa ba sai ya je ya bi layi ba. Wata uku na yi a kansa. Na zaɓi launi mai kwantar da rai, na cire duk wani rubutu daga maɓallai na sa ƙananan zane masu kyau, ƙofa don shiga, agogo don ganin likita, kwalba don gwaji. Duk wanda na nuna wa sai ya yaba, na kuwa nuna wa mutane da yawa.

Wata Asabar na je gidan Yaya na tarar tana linke kaya a falo. Falonta komai da mazauninsa, ko cokali ka gusar sai ta sani. Na zauna, na ɗauki gwangwanin sukari na ajiye inda ba nan yake ba kamar kullum, ta miƙa hannu ta mayar.

Ta ce, “Na ji an ce ke kika yi shafin asibitin nan.”

“An ce? Yaya, sau nawa na faɗa miki da bakina?”

“Shi ne ai an ce ɗin. Matso ki ji.”

Ta ɗauko wayarta. Wayar Yaya magana take yi, duk abin da yatsanta ya taɓa sai wata murya ta karanta mata, kuma da irin saurin da ni ba na tsintar ko kalma ɗaya. Saboda ni ta rage saurin. Ta buɗe shafina ta fara jan yatsa a kan gilashin.

Wayar ta ce, “Maɓalli. Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Maɓalli.”

“To, wanne ne na shiga?”

“Na biyun mana, mai zanen ƙofa.”

“Au, ƙofa ce? Sannu da ƙoƙari.”

Ta danna. Sai ga wannan tarkon da na sa don hana na'urori yin kutse, inda ake nuna hotuna tara a ce mutum ya zaɓi masu keke. Wayar ta karanta mata cewa ta tabbatar ita mutum ce, sannan ta jero hoto, hoto, hoto har tara. Yaya ta karkata kai wajena.

“Rediyo, shafinki ya ce in tabbatar ni mutum ce, na kuwa kasa. Yanzu ni mece ce?”

Da wani ne ya yi shafin da na yi dariya har da riƙe ciki. Amma nawa ne, sai raina ya ɓaci. Na ce wata uku na yi ina wannan aiki, na ce babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi, na ce likita da kansa ya yaba. Daga ƙarshe na faɗi abin da ya fi duka muni, kuma da zuciya ɗaya na faɗe shi.

“Ai ga ni. Me za ki nema a ciki da ba zan duba miki a minti ɗaya ba?”

Ta kife wayar a cinyarta. Ta ɗauki wata rigar Mai Sanyi ta linke hannu ɗaya, ta linke ɗayan, sannan ta yi magana.

“Akwai gwajin jini da nake so a yi min. Sati biyu ke nan ina jan ƙafa.”

“Gwajin me?”

“Kin ji ki ko?”

Ba sai ta faɗa ba, na riga na gane, kuma na gane dalilin jan ƙafar. Shekara uku da suka wuce ni na karanta mata irin wannan takarda ta gwajin ciki, bayan shekara shida da aure ba labari. Ban kai ƙarshen layi ba na kurma ihu. Kafin Yaya ta sauke gyalenta na kira Mama, Mama ta kira wadda za ta kira. Shi kuwa Mai Sanyi, kansa na cikin firij ɗin wata maƙwabciyar Mama ya ji ana yi masa barka, har ya tambaya barkar me. A sati na goma cikin ya zube. Haka Yaya ta zauna a wannan falon tana amsa sannu daga mutanen da ba ta taɓa gaya wa komai ba. Ba ta taɓa yi min gori ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin an wuce wurin.

Ta ce, “Ban ce da mugunta kika yi ba, murna ce. Amma ki duba, shekarata talatin da shida, ban taɓa riga kowa jin labarina ba. Na daɗi ne ko na baƙin ciki, sai ya bi ta bakin wani kafin ya iso ni, ya zo da ɗumin hannun mutane. Sau ɗaya nake so in ji ni kaɗai. In zauna da shi ko na minti biyar ne, sannan in zaɓi wanda zan gaya wa.”

“Mai Sanyi fa, Yaya? Shi ai ba ya magana.”

“Ni nake so in faɗa masa, ba shi ya faɗa min ba. Ranar da kika ce shafin ya gyaru, zan je.”

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, duk da ba mai ganina. Na sha shayina bayan ya huce, na yi mata sallama da wuri.

Ranar Litinin na riga Oga zuwa ofis. Na kunna irin muryar nan a kwamfutata, na zare linzamin da ake nuna abu da shi a allo na jefa a aljihun tebur, sannan na kashe allon gaba ɗaya. Na ce yau da madannai da kunne kawai zan nemi ganin likita a shafin da na gina da hannuna. Ai ni na san kowane lungunsa.

Oga ya shigo ya tarar da ni ina fuskantar baƙin allo ina danne-danne.

“Lafiya? Wuta ce ta lalata shi?”

“Aiki nake, Oga.”

“To, Allah ya ba da sa'a. In kin gama ki koya min, ni ma in riƙa yin aiki ido rufe.”

Minti arba'in na yi ban wuce shafin farko ba. Na shiga wani akwatin sanarwa da na sa yana faɗowa da kansa, na kasa fita, domin ɗan giciyen rufe shi sai da linzami ake kai wa gare shi. Na zagi wanda ya yi wannan aiki da babbar murya kafin na tuna ko wace ce. Fom ɗin neman likita kuwa, in ka yi kuskure sai gidan ya koma ja, shi ke nan, ba ya cewa komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu magana, amma ni sai da aka kashe min fitila na san nawa ɗakin ko rufi babu.

Na ba Oga kujerar da abin kunne na ce ya gwada. Minti biyar ya yi, ya cire abin kunnen ya ce in yi duk abin da ya kamata, sauran ayyukan su jira.

Kwana uku na yi ina raɗa wa maɓallai suna. Wannan shiga, wannan ganin likita, wannan sakamakon gwaji. Na mayar da rubutun da na cire a ƙarƙashin kowane zane, sai na ga bai rage masa kyau da komai ba. Na cire tarkon kekuna, na sa a riƙa tura wa mutum lamba a wayarsa. Na koya wa fom ɗin ya faɗi kuskuren da aka yi da baki. Aikin ya yi min daɗi fiye da zaɓen launi, ban kuma yi zaton haka ba. Ranar Laraba da hantsi na shiga ido rufe tun daga ƙofa har ɗakin sakamako, da wani sunan gwaji da muka ƙirƙira. Na danna sakamakon ina murmushi, sai muryar ta ce, “Hoto.”

Na kunna allo. Hoto ne kuwa. Ni na bar musu gurbin da za su ɗora sakamako, ban taɓa bin diddigin abin da suke ɗorawa ba. Takarda ce aka shimfiɗa a tebur aka ɗauka da waya, a karkace, da inuwar mai ɗaukar, da babban yatsa a kusurwa.

Washegari na tafi asibitin. Likita mai wurin ya saurare ni, ya ce shi ba shi da matsala, amma in je in shawo kan shugabar ɗakin gwaji, duk abin da ta yarda ya yarda. Daga yadda ya faɗa na gane shi ma tsoronta yake ji.

Ma'aikatan wurin Mai Hatimi suke ce mata, a bayan idonta. Dattijuwa ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a rataye a wuya. Ɗakinta fes, yana warin maganin wanke hannu, ga firij na ajiye jini yana gurnani a kusurwa. Na gaishe ta, na ce ina so in ga yadda sakamako yake tafiya daga na'ura zuwa shafi. Ta nuna min ba tare da ɓata lokaci ba. Na'ura tana gama aiki sai sakamakon ya fito a kwamfutarta, rubutacce tsaf. Sai ta buga shi a takarda. Sai ta karanta da tabarau na biyu, ta sa hannu, ta hura wa hatiminta iska, ta buga. Sannan ta ɗauki wayarta ta ɗauki hoton takardar, ta tura wa kwamfutar da ya fito daga cikinta, ta ɗora a shafi.

Na ce, “Anti, ai rubutun yana nan a kwamfuta tun farko. Me zai hana a ɗora shi kai tsaye?”

Ta dube ni ta saman tabarau. “Takardar da ba hatimi ai ba takarda ba ce, 'yata. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Wannan hatimin cewa yake yi ni na duba, in an samu kuskure a zo a kama ni. Na'ura wa za a kama?”

Gaskiya ta faɗa. Na yi mata bayanin masu amfani da murya, ta ce ai suna da 'yan uwa. Nan fa maganar Yaya ta taso min tun daga ciki har ta iso bakina. Na san in na ba ta labarin, da cikin da ya zube da komai, matar nan za ta narke nan take, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Ga labari a shirye, ga mai sauraro, ga kuma hujja mai kyau. Na danne leɓena da haƙori har sai da na ji zafi. A iya sanina wannan ne karo na farko da magana ta zo bakina ta koma.

Maimakon haka na ciro wayata na kunna muryar. “Anti, don Allah ki cire tabarau duka biyun, ki riƙe wannan. Ki ɗauka naki ne, kuma abin da ke ciki ba kya so kowa ya riga ki sani.”

Ta yi kamar ba za ta karɓa ba, sannan ta karɓa. Ta sa yatsa, wayar ta ce hoto. Ta ja ƙasa, wayar ta sake cewa hoto. Ta kawo gilashin dab da hancinta, ta nisantar, ta kawo.

“Iyakar abin da za ta ce ke nan?”

“Iyakarsa ke nan, Anti.”

Ta mayar da tabarau a hankali. Sai ga wayar teburinta ta yi ƙara. Wani dattijo ne, ina jiyo muryarsa, wai ya buɗe sakamakonsa amma lambobin sun yi dishi-dishi, ta karanta masa. Ta karanta masa da ƙarfi, da sukarin jininsa da komai, ga ni zaune ga mai shara tana wucewa. Da ta ajiye sai ta bi wayar da kallo.

Ta ce, “Sau ashirin a rana. Na ɗauka tsufa ne ke damunsu.”

Muka yi ciniki irin na mutunci. Rubutun zai hau shafi kai tsaye, amma ba zai hau ba sai ta karanta ta danna wani maɓalli da hannunta, kuma a ƙasansa za a rubuta cewa shugabar ɗakin gwaji ta duba ta tabbatar. Hoton mai hatimi zai ci gaba da zama a ƙasa don masu sonsa. Ta kafa sharaɗi biyu. Maɓallin ya zama zagayayye mai launin tawadarta, kuma in ta danna ya yi ƙara. Na ce wace irin ƙara? Ta ɗauki hatimin ta buga a kan wata tsohuwar takarda, tim. Na ɗauki sautin da wayata a nan take, shi na sa mata.

Kwana huɗu wannan ya ci. Ranar da na gama na juya wajen Oga.

“Oga, ka canza lambar sirrin da muke shiga ɓangaren asibiti da ita. Kada ka faɗa min, ko na roƙe ka, ko na yi kuka.”

Ya dube ni, ya buɗe baki zai tambaya, sai ya fasa. Ya ja madannai gabansa ya ce in juya baya. Daga nan na kira Yaya na ce ya gyaru. Ta ce to, ba ta ƙara komai ba.

Ranar Laraba ta je aka ɗebi jinin, aka ce Alhamis da ƙarfe huɗu. Alhamis da azahar, ba zan ɓoye ba, na ce wa Oga akwai wani ɗan gyara da na manta, ya ba ni lambar na minti ɗaya. Ya ce in rubuta gyaran a takarda zai yi da kansa. Na ce ai ba ya rubutuwa. Ya ce to ba ya gyaruwa, ya ci gaba da shan shayinsa. Hali zanen dutse, amma Allah ya saka wa Oga da alheri.

Ƙarfe uku da rabi ina ƙofar Yaya, wai na zo ne ko shafin zai ba da matsala. Ta yi dariya ta ce in shigo, amma iyakata kicin. Mai Sanyi yana wurin aiki. Da huɗu ta yi ta ɗauki wayarta da abin kunne, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji ƙarar makulli.

Na wanke kofunan da ke wanke. Na goge murhu. Na karanta duk rubutun da ke jikin gwangwanin madara, har da adireshin kamfani. Tsoro biyu ne suka haɗu min, kada shafin ya tsaya mata a hanya, kada kuma ya kai ta ga abin da zai karya mata zuciya tana ita kaɗai. Sau biyu ƙafata ta nufi ƙofar ɗakin ina dawo da ita. Minti ashirin da biyar ta yi a ciki.

Ta fito tana naɗe igiyar abin kunnen a yatsunta. Na ƙura wa fuskarta ido, ban ga komai ba. Na kasa kunne ga numfashinta kamar yadda take yi min, shi ma lafiya lau yake shiga yana fita. Ashe karatun numfashi ma sai wanda ya koya.

Ta ce, “Shafinki yana aiki.”

“Alhamdu lillahi. To…”

“Sai dai maɓallin fita ba shi da suna. Na shiga, na rasa ta inda zan fito.”

“Zan gyara gobe. Yaya, to…”

“Ɗora mana shayi, Rediyo. Kuma sukari a hagun tire yake zama.”

Muka sha shayi muna hirar wani direbansu da ya kai fasinja wata unguwa daban saboda yana musun ƙwallo. Ta yi dariya sosai, amma Yaya ko a ranar baƙin ciki tana iya dariya, don haka bai gaya min komai ba. Na koma gida cikina kamar zai fashe. Abin mamaki, a ƙarƙashin wannan ƙaiƙayin daɗi nake ji, irin daɗin wanda ya sauke kayan da bai san yana ɗauke da su ba.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Mama ta tambaye ni ko na lura Yaya ta yi wani iri, na ce ban san komai ba, kuma karon farko gaskiya ce tsagwaronta. Na gwada Mai Sanyi ta bayan fage, na ce Yaya kwana biyu lafiya kuwa? Ya yi tunani mai tsawo, ya ce injin firij ɗinmu yana son a duba shi kafin zafi. A ofis kuwa Oga ya sa muka bi tsofaffin shafukanmu ɗaya bayan ɗaya da allo a kashe, har ya fara yi wa masu kawo aiki wa'azi a kai kamar shi ya gano. Mai Hatimi ta aiko a gaya min kiran waya ya ragu, kuma tana so a ƙara wa ƙarar ƙarfi kaɗan. Ni kuma a zauren hirarmu na 'yan gida a waya, duk hoton da na tura sai na rubuta abin da ke ciki a ƙasa. Da farko aka yi ta tsokanata, daga baya sauran ma suka ɗauka, har Mama, wadda bayaninta kan fi hoton tsawo.

Wata Asabar, kusan wata uku bayan wannan Alhamis, Yaya ta kira ta ce in zo. Na tarar da su biyu a falo. Mai Sanyi yana zaune a hannun kujera yana murmushin da bai iya ɓoyewa ba, ita kuma da wata 'yar ambulan a cinyarta.

Ta ce, “Zauna nan kusa da ni. Na ji, na zauna da shi kwana biyu ni kaɗai, sannan na gaya wa wannan bawan Allah. Tun daga nan mu biyu muka sani. Jiya likita ya ce mun wuce inda ake tsoro, da yardar Allah.”

Na toshe bakina da hannu biyu.

Ta zaro wata 'yar takarda mai santsi, baƙa da fari, irin wadda na'urar duba ciki ke fitarwa. “Wannan kam hoto ne na gaske, ba abin da wayata za ta iya. Na ba shi ya bayyana min, ya juya shi sama da ƙasa ya ce yana kama da hadari.”

Mai Sanyi ya ce, “Ai da kama.”

“Shi ya sa na kira mai baki.” Ta lalubo hannuna ta sa min takardar a ciki, ba ta saki hannun ba. “Ki gaya min komai, kada ki tsallake ko ɗigo. In kin gama, ga waya nan, ki kira Mama. Na ba ki wannan.”

Na duba. Da farko ni ma hadarin na gani, don idona ya cika. Na goge da bakin gyale na sake dubawa, sai ga kai, ga ɗan hanci, ga wani abu a ɗage kusa da fuska.

Na ce, “Yana kwance a kan bayansa, Yaya. Kansa yana hagu, ya fi jikin girma. Ya ɗaga hannu ɗaya ya kai wajen bakinsa.”

“Wajen bakinsa?”

“Kamar yana toshe shi.”

Yaya ta yi dariya har da hawaye. “Alhamdu lillahi, bai ɗauko ki ba. Ci gaba. Ɗaya hannun fa?”

Wayar tana nan a kan tebur kusa da gwangwanin sukari, ban ko kalle ta ba. Na gyara zama, na kama yatsan Yaya na ɗora a kan takardar daidai inda hannun yake, na ci gaba.